Gansakuka a Ruwan Sha: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙunar Sinadari da Dunƙula Datti

Duk wanda ya taɓa aiki a matatar ruwan da ke ɗiba daga tafki ko madatsa ya san lokacin da ruwa ke juyewa ya koma kore, rariyoyin yashi su riƙa toshewa tun ba a je ko'ina ba, jama'a kuma su fara ƙorafin cewa ruwan famfo yana warin ƙasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ma'aikatan matata, ɗalibai da masu shan ruwan suka fi maimaitawa. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga cikin aikin sosai.

Mene ne dattin gansakuka, kuma ina bambancinsa da ita gansakukar?

Gansakukar da ke damun matatun ruwa ƙananan ƙwayoyin halitta ce da ido ba ya ganin guda ɗaya, sai sun taru da yawa su rine ruwa. Dattinta kuwa shi ne abin da ke fita daga jikinta ya narke a ruwa: furotin, wani irin sukari mai yauƙi, sinadaran wari, wani lokaci har da guba. Kashi biyu ne. Akwai wanda ƙwayar ke fitarwa tana raye, kamar yadda jiki ke fitar da gumi. Akwai kuma wanda ke ƙunshe a cikinta, ba ya fitowa sai ta mutu ko an fasa ta. Na cikin nan ya fi yawan furotin, kuma a yawancin ire-iren gansakuka mai guba, a nan mafi yawan gubar take.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin kusan duk amsoshin da ke tafe. Ƙwaya sukutum abu ce da za a iya kamawa a tsame. Abin da ya riga ya narke kuwa, fitar da shi yana da wuya da tsada.

Me ke sa ta yawaita haka a tafki?

Ruwa ba ya tsami banza. Abinci take samu, musamman sinadaran fosfaros da naitirojin da ke gangarowa daga takin gona, kashin dabbobi da ruwan masai. Idan aka haɗa wannan da zafi, hasken rana da ruwan da ke kwance ba ya gudu, cikin kwanaki kaɗan sai ta mamaye tafki. Wadda aka fi tsoro ita ce mai launin shuɗi-kore, wadda a zahiri dangin bakteriya ce, irin su Microcystis, Planktothrix da Dolichospermum.

Idan ruwan ya fito garau daga matata, ina matsalar?

Garau ɗin ido ne kawai. Narkakken dattin gansakuka yawanci ba shi da launi, amma yana ɓarna ta fuskoki da dama. Yana cinye alif, yana cinye kulorin, ta yadda ruwan zai isa ƙarshen bututu ba tare da sauran kulorin da zai kare shi ba. Yana zama abinci ga ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin bututu. Idan ya haɗu da kulorin yana haifar da wasu sinadarai marasa kyau ga lafiya, waɗanda aka yi bayaninsu a amsar da ke magana kan abin da kulorin ke bari a baya. Sai wari, sai kuma guba.

Maganar guba gaskiya ce, ko tsoratarwa ce kawai?

Gaskiya ce, kuma an gani a aikace. A shekarar 1996, a garin Caruaru na ƙasar Burazil, an yi wa marasa lafiya wankin ƙoda da ruwan da aka ɗebo daga wata madatsa mai gansakuka, ba a tace shi yadda ya kamata ba. Fiye da mutum 50 suka rasu sakamakon lalacewar hanta, aka kuma gano wata gubar gansakuka ce mai suna mikirosistin. A 2007 birnin Wuxi na ƙasar Sin ya shafe kusan mako guda ba a iya shan ruwan famfo saboda gansakukar tafkin Taihu, abin ya shafi mutane kimanin miliyan 2. A watan Agustan 2014 aka hana mutane kimanin 400,000 shan ruwan famfo na kusan kwana uku a birnin Toledo da ke jihar Ohayo ta Amurka, bayan an sami gubar a ruwan da aka tace daga tafkin Erie.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar mikirosistin a ruwan da za a sha tsawon rayuwa a kan mikirogiram 1 a kowace lita, wato giram ɗaya tak a cikin lita miliyan. A 2020 ta ƙara wata iyakar ta ɗan gajeren lokaci, mikirogiram 12 a lita, don kwanakin da ake ƙoƙarin shawo kan matsala. Ba kowane koren ruwa ne ke da guba ba, kuma ba a gane mai guba da ido ko da hanci. Sai an kai ɗakin gwaji.

Yaya dunƙula datti ke aiki?

Ƙwayoyin gansakuka, kamar ƙurar laka, suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya a jikinsu, don haka suna ture juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyin da za su kwanta. Idan aka zuba alif ko gishirin ƙarfe, sai ya saki sinadarai masu kishiyar wannan cajin, su kashe shi. Ana fara gauraya ruwan da ƙarfi na ɗan lokaci, bai fi minti ɗaya ba, don maganin ya ratsa ko'ina. Daga nan sai a koma juyawa a hankali na minti 15 zuwa 30, ƙwayoyin su riƙa cin karo suna mannewa har su zama gudaji. Shi kansa alif ɗin yana rikiɗa ya zama wani abu fari mai laushi kamar auduga, yana sauka yana share abin da ya tarar a hanya. Gudajin nan ne ake kwantarwa a tanki, ragowar kuma rariyar yashi ta tare.

Idan an daidaita komai, wannan mataki yana cire mafi yawan ƙwayoyin, sau da yawa sama da kashi 90 cikin 100, kuma ba ya fasa su. Wannan ce babbar falalarsa.

To me ya sa alif ɗin da muka saba zubawa yake daina aiki da zarar gansakuka ta zo?

Dalilai sun haɗu. Na farko, furotin ɗin da ke cikin dattin yana kama alminiyam ko ƙarfen da aka zuba ya riƙe, ya hana shi zuwa inda ake bukatarsa. Kun biya kuɗin magani, dattin ya sha. Na biyu, yauƙin da ke lulluɓe da ƙwayoyin yana ƙara musu caji, yana kuma hana su kusantar juna. Na uku, da rana gansakuka tana zuƙe iskar kabon da ke cikin ruwa, sai ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, ya hau, ya kai 9 ko ya wuce, alhali alif ya fi aiki a ruwa mai ɗan tsami. Da dare kuma ya sauko. Shi ya sa adadin maganin da ya yi daidai da asuba yakan gaza da la'asar.

Akwai wani ma'auni da ke bayyana lamarin, ana ce masa SUVA: yawan hasken ultarabayolet da ruwa ke shanyewa, a raba shi da yawan narkakken kabon da ke ciki. Dattin ruɓaɓɓen ganye da ƙasa yakan ba da 4 ko sama, kuma alif yana kama shi da sauƙi. Dattin gansakuka yakan tsaya ƙasa da 2, alamar cewa yana son ruwa, ba ya son rabuwa da shi. Abin mamaki, idan dattin kaɗan ne, dogayen zarurrukansa sukan taimaka wajen ɗaure gudaji. Sai ya yi yawa yake zama abokin gaba.

Mece ce ƙunar sinadari, kuma me ya kawo ta cikin maganar?

Ƙuna ce ba wuta ba hayaƙi. Wasu sinadarai, irin su kulorin, ozon da famanganet, suna fizge ƙwayoyin lantarki daga jikin abin da suka taɓa, su canza masa siffa ko su kakkarya shi. Irin aikin da iska ke yi wa ƙarfe ne har ya yi tsatsa, sai dai wannan cikin mintoci yake faruwa.

Idan aka zuba kaɗan kafin alif, yana saɓule yauƙin da ke jikin ƙwayoyin, ya rage musu caji, ya tsayar da masu iyo da ke fizge kansu daga cikin gudaji. Sakamakon haka alif ya fi kama su, gudajin su fi ƙwari, rariyar yashi ta daɗe ba ta toshe ba. Idan kuma aka zuba bayan an tace, aikinsa daban ne: kashe ƙwayoyin cuta da lalata narkakkiyar guba. Sinadari ɗaya, wurare biyu, manufa biyu, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kura-kuran da ake yi.

Me zai hana a antaya kulorin mai yawa tun daga bakin tafki a kashe ta gaba ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma dabarar da ta fi jefa matatu cikin wahala. Kulorin yana huda tantanin ƙwayar Microcystis cikin mintoci kaɗan. Da zarar ta huje, duk abin da ke ciki ya tsiyaye: guba, sinadaran wari, furotin. Abin da dā yake ƙulle a cikin ƙunshin da alif zai iya ɗaukewa, yanzu ya watsu a ruwa inda alif ba shi da iko a kansa. Garin neman gira an rasa ido.

Wani zai ce ai kulorin ɗin zai ƙone gubar da ta fito. Zai iya, idan ya wadata. Amma a ɗanyen ruwa abubuwa da yawa ne ke rububinsa, kuma furotin ɗin da ya fito yanzu yana cikin masu cinye shi. Sau da yawa kulorin yakan ƙare bayan ya fasa ƙwayoyin, kafin ya gama da gubar. Wannan tsaka-tsakin shi ne mafi muni: an fasa, ba a ƙone ba. Idan kuma aka ƙara shi har ya wadata, sai sinadaran da yake bari a baya su yi yawa. Haka ozon mai yawa yake yi, har ma ya kakkarya manyan zarurrukan dattin zuwa ƙanana masu son ruwa, waɗanda alif ba ya kamawa ko kaɗan.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana. Lokacin da gansakuka mai guba ta yi yawa, a bar kaza cikin gashinta: a dakatar da zuba kulorin a farko ko a rage shi ƙwarai, a tsame ƙwayoyin sukutum, sannan a yi ƙuna mai ƙarfi bayan rariyar yashi, inda ruwan ya yi tsabta kuma kulorin ba shi da masu cinye shi da yawa.

Idan dole sai an yi ƙuna a farko, wane sinadari ya fi dacewa?

Famanganet ɗin fotasiyam, mai launin shunayya, shi ne ya fi sauƙin hali ga ƙwayoyin. Idan aka tsaya a kusan miligiram 1 a lita ko ƙasa da haka, yawanci ba ya fasa su sosai, kodayake wannan ya danganta da irin ruwan da tsawon lokacin da suka yi tare. Yana da wata ƙarin fa'ida: idan ya gama aiki yakan koma wani gari mai ruwan ƙasa na manganis, wanda ke mannewa a jikin ƙwayoyin ya ƙara musu nauyi, ya kuma zama ƙwaryar da gudaji ke taruwa a kai. Ba ya haifar da sinadaran da kulorin ke haifarwa. Yana lalata mikirosistin da anatoksin (wata gubar gansakukar), amma akwai gubobin da ba ya taɓukawa a kansu, kuma wari ya fi ƙarfinsa.

Ozon shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda aka saba amfani da su. Yana lalata yawancin gubobi cikin hanzari, yana kuma rage wari. Sai dai ba a ajiye shi, dole a haɗa shi a wurin da na'ura mai cin lantarki, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke taimakon alif da wanda ke fasa ƙwayoyi 'yar kaɗan ce. Idan ruwan yana da sinadarin buromayid, ozon yana mayar da shi buromet, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance a mikirogiram 10 a lita. Wurin da ozon ya fi amfani shi ne bayan an kwantar da datti, a biyo shi da rariyar gawayi.

Kulorin dayoksayid ba ya haifar da THM (sinadarai marasa kyau da kulorin ke bari a baya) da yawa, amma yana barin kulorayit, mai iyakar miligiram 0.7 a lita, kuma rauninsa a kan mikirosistin sananne ne. Akwai kuma feret, wani gishirin ƙarfe da ke yin ƙuna sannan ya rikiɗa ya zama maganin dunƙulawa da kansa. Abin sha'awa ne a ɗakin gwaji, amma ba ya ajiyuwa kuma yana da tsada, shi ya sa har yanzu manyan matatu ba su rungume shi ba.

Mun zuba famanganet sai ruwa ya fito ruwan hoda. Me ya faru?

An zuba fiye da abin da ruwan zai cinye, ko kuma ba a ba shi isasshen lokaci ba kafin ya iso rariya. A rage adadin, a kuma matsar da wurin zubawa baya, kusa da inda ake ɗibar ruwa. Launin ya kamata ya ɓace kafin ruwan ya bar tankin kwantarwa. A riƙa auna manganis a ruwan da aka gama tacewa, domin ko ba a ga hoda ba, ragowarsa na iya taruwa a bututu ya dawo daga baya a matsayin baƙin ruwa mai ɓata tufafi.

Alif, gishirin ƙarfe, ko PACl?

Kowanne da inda ya fi. Alif ya fi kama narkakken datti idan pH yana tsakanin 5.5 da 6.5. Gishirin ƙarfe, wato ferik kulorayid ko ferik salfet, yana jure tsamin da ya fi haka, har zuwa wajen 5, gudajinsa sun fi nauyi, kuma sau da yawa ya fi alif cire narkakken datti, sai dai yana cin bututu da famfunan da yake bi. PACl alminiyam ne da aka riga aka sarrafa tun daga masana'anta. Ba ya saukar da pH sosai, yana aiki a ruwa mai sanyi, yana kuma jure hawa da saukar pH fiye da alif.

A ganina, mutane sun fi ɓata lokaci kan zaɓen magani alhali pH ne ke yanke hukunci. Matatar da ta saukar da pH da ɗan asid kafin ta zuba alif takan sami sakamakon da ya fi na wadda ta ninka alif ɗin ta bar pH a sama. Ninka alif a ruwa mai pH 9 yana kuma barin narkakken alminiyam a ruwan sha, wanda ake so ya tsaya ƙasa da miligiram 0.1 zuwa 0.2 a lita. Kada a manta a mayar da pH ɗin sama bayan tacewa, don kada ruwan ya ci bututun gari.

Ta yaya za mu san adadin da ya dace?

Babu lambar da za a kwafo daga littafi. Gwajin kofuna ne: a jera manyan kofunan gilashi, yawanci shida, kowanne da lita ɗaya ko biyu na ɗanyen ruwan ranar, a zuba adadi daban-daban, a juya kamar yadda matata ke juyawa, a bari su kwanta. Kuskuren da aka saba yi shi ne a duba wanda ya fi garau kawai a ce shi ke nan. A lokacin gansakuka dole a auna narkakken kabon ko shanye hasken ultarabayolet, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage, idan da hali a auna gubar da ke narke a ruwan kafin ƙuna da bayanta. Idan narkakkiyar guba ko narkakken kabon ya ƙaru bayan an zuba sinadarin ƙuna, an fasa ƙwayoyi ke nan, sai a rage.

A riƙa maimaita gwajin. Gansakuka mai tasowa da wadda ta tsufa ta fara mutuwa ba ɗaya ba ne, ta biyun ta fi sakin datti nesa ba kusa ba.

Gudajinmu suna tasowa sama maimakon su kwanta. Ina mafita?

Ire-iren gansakuka mai shuɗi-kore da yawa suna da 'yan jakunkunan iska a cikinsu, da su suke hawa da sauka a tafki. Ga kuma iskar da suke fitarwa idan rana ta haska tankin. Don haka gudajin ba su da nauyi. Ana iya ƙara musu nauyi da garin laka, yashi mai laushi ko ɗan folima (sinadari mai dogayen zarurruka da ke ɗaure gudaji), ko a rufe tankin daga hasken rana.

Dabarar da ta fi dacewa da halinsu ita ce a bi su inda suke son zuwa. Ana matsa iska cikin wani kaso na ruwan a tukunya mai ƙarfi, sannan a sake shi a ƙasan tanki, sai ya fito da kumfa ƙanana ƙwarai, faɗin kowanne bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kumfan su manne wa gudajin su ɗaga su sama, a kwashe kamar yadda ake yaɗe kumfa a bakin tukunya. Ga ruwan da gansakuka ta yi wa yawa amma laka kaɗan ce, wannan hanya ta fi kwantarwa, kuma tana fitar da ƙwayoyin daga ruwa da wuri, abin da ke da muhimmanci saboda dalilin da ke cikin amsar laka.

Idan gubar ta riga ta narke a ruwa, me ke cire ta?

Ba alif ba. Mikirosistin ƙarama ce ƙwarai kuma tana son ruwa, takan ratsa dunƙulawa da rariyar yashi kusan yadda ta shigo. Hanyoyi biyu ne: a tsotse ta da sarrafaffen gawayi, ko a ƙone ta. Garin gawayin da aka yi da itace ya fi kama mikirosistin saboda girman ramukansa. Ana zuba shi da wuri don ya sami lokaci, daga baya ya fita tare da gudaji. Kada a zuba shi wuri ɗaya da kulorin ko famanganet, domin cinye juna za su yi, a yi asarar duka biyun.

Kulorin bayan tacewa yana lalata mikirosistin da kyau idan pH bai kai 8 ba, kuma an sami ragowar aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30. Amma kulorin da aka haɗa da amoniya, wato kuloramin, kusan ba ya yi mata komai, don haka matatun da ke amfani da shi kada su dogara a kansa. Anatoksin ma tana jure kulorin, sai ozon ko famanganet. Shi ya sa sanin wace gansakuka ce ke tafkin ba ƙawa ba ce, shi ke nuna makamin da za a ɗauka.

An tace, an sa kulorin, amma har yanzu ruwan yana warin ƙasa. Yana da haɗari?

Warin daga sinadarai biyu yake, jiyosmin da MIB. Jiyosmin shi ne ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan sama ya sauka a busasshiyar ƙasa, mai daɗi a iska, mai tayar da zuciya a kofi. Hancin mutum yana jin su a kusan nanogiram 10 a lita, kwatankwacin giram goma a cikin lita biliyan ɗaya. Su kansu ba guba ba ne a wannan adadin, kuma jin warin ba ya nufin akwai guba, kamar yadda rashinsa ba ya nufin babu.

Kulorin da famanganet ba sa iya musu. Gawayi, ozon musamman idan an haɗa shi da haidirojin feroksayid, ko rariyar da aka bari ƙwayoyin bakteriya masu cin su suka zauna a ciki, su ne magani. Kada a raina ƙorafin wari, domin mutanen da suka ƙyamaci ruwan famfo sukan koma ga ruwan da ba a tace ba kwata-kwata.

Waɗanne sinadarai ne kulorin ke bari a baya, kuma me ya sa na gansakuka suka fi damuwa?

A 1974 wani masanin sinadarai mai suna Johannes Rook, da ke aiki a matatar ruwan Rotterdam ta ƙasar Holan, ya nuna cewa kulorin yana haɗuwa da dattin halittu ya haifar da kulorofom da danginsa, waɗanda ake kira THM. Tun daga nan aka sa musu iyaka: Amurka ta tsayar da mikirogiram 80 a lita, Tarayyar Turai 100. Dattin gansakuka yana haifar da su, amma saboda yawan furotin ɗinsa yana kuma haifar da wasu masu ɗauke da naitirojin, waɗanda gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin halitta suka nuna sun fi THM illa, ga shi yawancin dokoki ba su sa ido a kansu sosai ba.

Maganin ba rage kulorin ɗin ƙarshe ba ne. Kwalara da taifot suna kashewa cikin kwanaki, haɗarin waɗannan sinadarai kuwa na shan shekaru ne. Abin yi shi ne a cire dattin gwargwadon iko kafin kulorin ya same shi, kamar yadda aka bayyana a amsar antaya kulorin tun daga bakin tafki.

Me za a yi da lakar da aka kwantar?

Nan ne da yawa suke yin sakaci bayan sun yi komai daidai. Ƙwayoyin da ke cikin lakar ba su mutu ba tukuna, amma a cikin duhu da ƙarancin iska sukan fara fashewa cikin 'yan kwanaki, su saki gubar a ƙasan tankin da ruwan sha ke bi ta kansa. A lokacin gansakuka a riƙa zubar da laka akai-akai, a kuma rage tazarar wankin rariyoyi. Ruwan da ya tsatso daga lakar, da ruwan wankin rariya, waɗanda a kwanakin lafiya ake mayarwa farkon matata don tattali, a dakatar da mayar da su har sai an auna an ga babu guba.

Ba za a iya kashe ta tun a cikin madatsa da maganin jan ƙarfe ba?

Ana yi, kuma yana kashe ta, amma ta hanyar fasa ta. A 1979, a tsibirin Palm na ƙasar Ostareliya, an zuba salfet ɗin jan ƙarfe a madatsar da ake sha don kawar da gansakuka. Bayan 'yan kwanaki fiye da mutum 100, yawancinsu yara, suka kwanta asibiti da ciwon hanta da ƙoda. Binciken da ya biyo baya ne ya kai ga gano wata sabuwar guba da ba a san ta ba a dā. Idan za a yi amfani da irin wannan magani, sai tun gansakukar tana kaɗan, kuma a daina ɗibar ruwa daga wurin na wani lokaci. Abin da ya fi sauƙi, idan hasumiyar ɗibar ruwa tana da ƙofofi a zurfi daban-daban, shi ne a koma ɗiba daga inda ƙwayoyin suka fi ƙaranci.

A gida fa? Tafasa ruwan zai wadatar?

A'a. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma mikirosistin tana jure zafin tafasa. Ƙari ma, zafin yana fasa ƙwayoyin, tururin da ya tafi kuma ya bar gubar a ruwan da ya rage. Shi ya sa a Toledo sanarwar ta ce kada a sha, kada kuma a tafasa. Jefa alif a bokiti yana kwantar da ƙwayoyin, amma narkakkiyar guba tana nan. Rariyar gawayi mai inganci tana ragewa idan ana canza gawayin a kan kari. Idan hukuma ta yi gargaɗi, a nemi wani ruwan daban don sha da girki, musamman ga jarirai, masu juna biyu da masu ciwon hanta ko ƙoda. Dabbobi ma a hana su shan koren ruwan bakin tafki, domin su ne suka fi mutuwa da shi.

Ta yaya matata za ta gane gansakuka na tafe kafin ta iso?

Alamu na farko ba sa bukatar na'ura mai tsada. pH da ke hawa da rana yana sauka da dare, rariyar yashi da ta fara toshewa da wuri, kulorin da ke ƙarewa fiye da yadda aka saba, da koren zare-zare a gefen tafkin da iska ke kaɗawa. Bayan su sai auna kulorofil, wato koren launin da ke jikin gansakuka, da wani launin shuɗi mai suna faikosayanin wanda ya fi nuna gansakuka mai shuɗi-kore, akwai kuma na'urorin da ake sakawa a ruwa su riƙa auna shi dare da rana. Madubin ƙara girma yana nuna irin da ake fama da shi.

A ɗauki samfur daga zurfin da bututun ɗiba yake, ba daga sama kawai ba, kuma a lokuta daban-daban na yini, tunda ƙwayoyin suna tasowa da safe idan ruwa ya lafa, su nutse daga baya. Garin gawayi da asid ɗin saukar da pH kuma a tanade su a rumbu tun kafin lokacin zafi, domin idan iska ta juyo da gansakuka bakin bututu, sa'o'i kaɗan ne tsakaninta da tankin farko.